Layi Huɗu a Gonar Kaka Tome

Kaka Tome ce ta fara gani. Ta fita duba gona da sassafe ranar Alhamis, ta dawo ba hula a kanta, ta tsaya a bakin ƙofa ko takalmi ba ta cire ba.

"Genta, tashi. An shiga asa."

Na bi ta a guje. A gefen gonar da ke kallon dajin gora, layi huɗu sun ɓace. Jiya da yamma tsirrai ne tsaye, kowanne ya fi ni tsawo nesa ba kusa ba. Yau ramuka ne kawai a jere.

Asa muke ce mata, 'yan jarida su ce wiwi. Irin da muke shukawa a Okusawa ko buhu ka zuƙe ciwon kai kaɗai za ka samu. Ɓawon karan muke so, da shi ake tufka igiyar da ake ratayawa a ƙofar ɗakin bauta. Amma da zarar ganye ɗaya ya bar gona, doka ba ruwanta da wannan bambanci. Gidaje uku suka rage masu lasisi a kwarin nan, kuma duk shekara sai an sabunta shi.

Kafin rana ta yi zafi rabin ƙauye ya taru a bakin gonar. Ba wanda ya daɗe yana kallon ramukan. Ni suke kallo.

Ban ga laifinsu sosai ba. Ina ɗan shekara sha shida na bar makaranta, na yi shekara huɗu a Tokyo ina wankin kwanuka da kai saƙo, an kore ni sau uku, na dawo. Kuma a taron watan jiya, da ake gardama kan kamfanin da ke son noma irin asa mai bugarwa a ɗakunan gilashi don haɗa magani tunda sabuwar doka ta ba da dama, ni na miƙe na ce ban ga dalilin ɗaure babban mutum don ya sha hayaƙi ba. Tun ranar ƙauyen ya rabu biyu, har masu gaisawa suka daina. Ranar Lahadi za a jefa ƙuri'a kan ko a bar kamfanin ya shigo.

Tsuruta, ɗan sandanmu ɗaya tilo, ya ja ni gefe. Gumi na bin wuyansa.

"Dole in kai rahoto yau. Masu bincike daga gunduma za su zo Asabar da safe. Ba sa komawa hannu wofi, Genta. Za su zo da ɗan kofin fitsari, kuma za su tambaye ni suna."

"Sunan wa za ka ba su?"

Ya kalli takalminsa.

Na san sauran. Suna iya riƙe mutum kwana ashirin da wani abu kafin ya ga kotu. Sunanka ya fito a jarida. In kuma jikan mai lasisi ne, to lasisin ya tafi, gonar da kakannin Kaka suka bari a mayar da ita ta kabeji. Akwai kuma abin da ban gaya wa kowa ba: na taɓa sha sau biyu a Tokyo, shekara biyu da suka wuce. Ban san iya tsawon lokacin da abin ke zama a jiki ba.

Kaka ba ta tambaye ni ko ni ne ba. Ta ce kawai, "A kira min Sakuji."

*

Sakuji maharbin aladen daji ne, ya haura saba'in, kunnensa na dama ya mutu saboda ƙarar bindiga. Duk tsohon da ya ruɗe ya shige daji, duk baƙon da ya ɓace a kan dutse, shi ke bin sawu ya dawo da su. Ya zo yana taunar tsinke, ya kori kowa baya, ya durƙusa ya dinga cusa yatsu cikin ramukan ɗaya bayan ɗaya.

"Kai, ɗan Tokyo. Ka taɓa cire asa?"

"Ina yaro."

"Cire min ɗaya in gani."

Kaka ta gyaɗa kai. Na kama na ja. Karan ya lanƙwashe a tsakiya, saiwar ta fito da dunƙulen ƙasa kamar kan jariri, na kusa faɗuwa da baya.

"Tome-san, wannan jikan naki ko sata aka ba shi ba zai iya ba."

"Abinci kaɗai ya iya cirewa daga tukunya," in ji Kaka.

Ba wanda ya yi dariya. Sakuji ya nuna min ramukan ɓarawon da tsinkensa. Ƙanana ne, a tsabtace, ƙasar da aka karkaɗe daga saiwa ta koma inda ta fito. Nan da can kuma an bar gajerun tsirrai a tsaye, ba a taɓa su ba. Ya miƙe ya ce ni da Tsuruta mu bi shi.

A cikin dajin gora ba ƙasa yake kallo ba, sama yake kallo. Sawun da ke ƙasa na takalmin gona ne mai rababben yatsa, kowa a ƙauye yana da irinsa, har ni. Amma a sama, daidai kafaɗar mutum, akwai inda aka goge gansakuka a jikin gora.

"Dami ne mai tsawo a kafaɗa," ya ce. "Sawu uku ya yi. Dubi kwana ɗin nan. Bai buga ko sau ɗaya ba, ya buɗe ya zagaya."

Muka gangara har bakin titin siminti. Nan take na gane inda muka fito. Ɗan fili ne a gefen hanya, nan kaɗai waya ke kama sabis a duk kwarin. Kullum da yamma nan nake ajiye babur ɗina in zauna. Guntayen sigarina suna nan a ƙasa. A bayansu, ƙarƙashin wani kurmi, ga tulin ganyen asa, ya fara yaushi.

Tsuruta ya ciro waya ya ɗauki hoto. Bai dube ni ba.

"Ban san da shi ba! Ba ni ba ne, Tsuruta-san!"

"Ban ce komai ba."

Sakuji ya ɗauki ganye ɗaya ya juya shi, ya duba inda aka yanke. Ya ɗauki wani. Ya leƙa cikin kwalbati, ya leƙa gangaren rafi, ya daɗe yana leƙawa.

"Ina karan?" ya ce, kamar da kansa yake magana.

A kan siminti sawu ya ƙare.

*

Muka shiga bin mutane da tambayoyi, muka fara da Hoshikawa, wakilin kamfanin, wanda kuma ke neman kujerar kansila. Ya kama hayar tsohon shagon awara ya cika bango da hotunan ɗakunan gilashi. Tayoyin motarsa duk jar laka, irin ta gefen gonarmu.

"Na je, ranar Laraba da rana," ya ce da Sakuji ya tambaya. "Hoto na ɗauka don takardar kamfe. Me zan yi da asar tsofaffi? Ba ta da abin da muke nema."

"Amma in aka ce tsofaffi sun kasa tsare gonarsu," in ji Sakuji, "sai a ce a ba masu katanga da kyamara."

Hoshikawa ya yi murmushi, ya juyo gare ni.

"Genta-kun, kada ka damu. In sun tafi da kai, za mu kawo lauya daga Tokyo. Za mu kira 'yan jarida. Matashi a tsare saboda ganyen da ko zomo ba zai bugar ba! Ƙasa gaba ɗaya za ta ji sunanka."

Ya faɗi haka ne kamar mai yi min albishir. Sai na gane mutumin nan ya fi son a kama ni.

Malama Nagumo, tsohuwar shugabar makarantarmu, ita ke jagorantar masu cewa a'a. Muka tarar da ita tana ninke takardu a kan tebur. An rubuta da manyan baƙaƙe: *Tun kafin kamfani ya zo an fara sata. Me zai faru bayan ya zo?* Sata ko yini ba ta yi ba.

"Kin yi saurin bugawa, Malama," in ji Sakuji.

"Na yi shekara arba'in ina buga jarrabawa kafin ƙararrawa." Ta ɗaga hannuwanta, yatsun duk sun karkace da ciwon gaɓoɓi. "In zargina kake, da waɗannan zan ɗauki dami?"

Ta dube ni ta saman tabarau, irin kallon da na gudu daga gare shi tun ina sha shida.

"Na raka ɗalibaina biyu maƙabarta, Genta. Dukansu da 'ɗan hayaƙi kawai' suka fara. Ba ƙinka nake ba. Amma in an tambaye ni, zan ce kullum ina ganin babur ɗinka a wurin."

Na ƙarshe shi ne Kawu Kameji, shugaban ƙungiyar manoman asa. Ya mayar da lasisinsa shekara biyar da suka wuce saboda ciwon baya, amma har yanzu shi ke tufka igiyar ɗakin bauta duk ƙarshen shekara. Shi ya koya min hawan keke. Da ya gan mu ya shimfiɗa mana matasai a baranda, ya kawo shayin sha'ir mai sanyi da kokwamba mai gishiri.

"'Yan birni ne," ya ce. "Sun ji a rediyo ana maganar magani, sun zo da mota. Na faɗa a taro, ba a ji ba. Shekara ɗari huɗu muna noma abin nan don alloli, ba wanda ya taɓa kiranmu 'yan ƙwaya. Bari kamfani ya shigo ku gani." Ya dafa gwiwata. "Zan yi magana a kanka, yaro. Ci kokwamba."

Hawaye ya kusa zubo min. Shi ne mutum na farko a ranar da ya taɓa ni da tausayi.

Sakuji ya ce zai zagaya baya ya wanke hannu. Ya daɗe. Kawu ya ci gaba da hira, yana yi yana ɗaga kai ya dubi saman dutsen yamma. Da Sakuji ya dawo, na ga toka a gwiwar wandonsa.

A hanya na tambaye shi me ya gani.

"Ka yi magana ta kunnen hagu," ya ce. Na sake faɗa ta hagu. Ya ce, "Wannan ma yau ba ya ji."

*

Ranar Juma'a ban ga Sakuji ba duk safiya. Kaka ta haɗa min 'yar jaka: riguna uku, tawul, buroshin haƙori. Ta ajiye a bakin ƙofa. Na zauna ina kallon jakar, ina jin babur ɗina a waje da cikakken tanki. Awa uku zuwa Tokyo. Amma in na gudu, na sa hannu ke nan a kan laifin, kuma Kaka ce za ta tsaya a gabansu ita kaɗai.

Da tsakar rana Sakuji ya ɓullo, ƙayoyi sun cika wandonsa.

"Ka samu?"

"Na duba rumbu bakwai da rafi biyu. Babu." Ya tsaya yana shaƙar iska, yana kallon yamma. "Gaya wa Tsuruta ya tara mutane a zauren taro ƙarfe uku. Kowa da kowa."

Zauren tsohon gini ne mai rufin kwano. Masu goyon bayan kamfani suka zauna ta taga, masu adawa ta bango, aka bar fili a tsakiya. A filin aka zaunar da ni. Zafi kamar a tukunya, iska ta tsaya cak. Tun kafin a fara, wani ya ce masu son kuɗin ƙwaya ne suka jawo, wani ya mayar masa da cewa su ne suka bari ƙauye ya zama gidan tsofaffi, ko yaro goma babu a makaranta. Wata murya daga baya ta ce, "A tambayi wanda ya ce a sha mana!"

Sakuji ya miƙe. Maimakon ya shiga magana, sai ya kama labarin wani aladen daji da ya bi kwana huɗu a shekarar da aka yi ambaliya. Ya faɗi inda aladen ya kwana, ya faɗi abin da ya ci. Mutane suka fara tsaki. Zuciyata ta karye; na ce tsohon nan ba shi da komai, lokaci kawai yake ja.

Lokaci yake ja kuwa. Haske ya fara dusashewa a tagogi. Can nesa aka yi rugugi.

"To," ya ce, ya tofar da tsinkensa a hannu. "Mai son hayaƙi, ganye yake ɗauka ya yar da kara. Namu ɓarawon ganye ya yar, ya tafi da kara. Bai tsinke ganyen da hannu ba, da doguwar wuƙa ya share shi, sara ɗaya daga sama zuwa ƙasa. Ya zaɓi dogaye ya bar gajeru. Ya so a ce 'yan birni ne, amma da ya zo jefa karan a rafi, hannunsa ya ƙi."

Sakuji ya ci gaba.

"Duk wanda ya san asa ya san in ba a tsoma kara a tafasasshen ruwa ranar da aka cire shi ba, ya lalace. Girbi kuwa sai nan da kwana goma. Bai kamata a ce akwai tukunyar da aka hura wa wuta a kwarin nan ba."

"To ina karan?" in ji Malama Nagumo.

"Ban sani ba," in ji Sakuji. Ya koma ya zauna.

Aka yi tsawa a kan dutsen yamma, tagogi suka girgiza. Sai ɗigo ɗaya ya faɗo a kan kwano. Tas. Sai wani. Tas, tas.

Na ga hannun Kaka ya zabura a cinyarta, ta yunƙura, sannan ta tuna ba ta da komai a waje, ta koma. Tsofaffi biyu a gefenta ma haka. Duk wanda ya girma da asa, ƙarar nan a jininsa take: kara na shanya, ruwa ya taɓa shi, baƙin tabo ya hau, wahalar shekara ta tashi a banza.

Mutum ɗaya bai koma ba. Kawu Kameji na tsaye, ya riga ya yi taku uku zuwa ƙofa.

"Ina zuwa, Kameji?" in ji Sakuji a hankali.

"Na… na bar shanya."

"Me ka shanya?"

Da ya koma ya zauna, da ba abin da za a iya yi masa. Toka a murhu ba shaida ba ce. Na ga ya san haka. Ya tsaya, bayansa a lanƙwashe, yana sauraron rufin. Ɗigon ya zama yayyafi, yayyafin ya fara ƙarfi.

"Zai yi baƙi," ya ce. "Sakuji, zai yi baƙi."

Ya fita ba takalmi.

*

Muka bi shi cikin ruwa, ya haura bayan maƙabarta, inda ba mai zuwa sai lokacin ziyarar kaburbura. A can, a kan sandunan gora, ga karan Kaka a shimfiɗe, gindi da gindi, kai da kai, kore shar. Ban taɓa ganin shanya mai kyau irin wannan ba. Kawu na kokawa da tamfol shi kaɗai, iska na fizge masa.

Duk muka tsaya. Kaka ce ta ture ni ta wuce.

"Genta, kama can! Tsuruta, kai ma, me kake kallo? Ku ja!"

Muka ja. Ni da ɗan sanda da Kaka da ɓarawon, muka rufe karan muka danne da duwatsu. Sai da aka gama Kawu ya zauna a ƙasa cikin laka.

"Tsoro kawai na so su ji kafin Lahadi," ya ce. "Su ga abin da ke tafe."

Na durƙusa a gabansa.

"Kawu, ka san a nan nake ajiye babur."

Ruwa na bin fuskarsa.

"Na sani."

"Ka ba ni kokwamba."

"Kwana ashirin ne, su sake ka. Kai yaro ne, za ka manta. Kwarin nan in ya tafi ba ya dawowa."

Ya faɗa ne yana kallon idona, kamar mai neman in yarda da shi. Duk tsoron da na ji a kwana biyun nan bai kai na wannan lokaci ba.

Asabar da safe masu bincike suka zo. Sun ba ni kofin duk da haka. Ba a sami komai ba. Kawu suka sa a mota, ba ni ba. Kafin a rufe ƙofa ya leƙo ya ce wa Kaka, "Tome-san, a juya shi rana ta uku."

An ɗage ƙuri'ar. Hoshikawa ya ce abin da ya faru hujjarsa ce, Malama Nagumo ta ce tata ce. Ta haɗu da ni a hanya ta sunkuyar da kai ƙasa sosai, ta wuce, takardunta na hammata. An bar wa Kaka lasisinta, da sharaɗin ta kewaye gonar da waya. Ganyen masu bincike suka tafi da shi, karan suka ce ba ruwan doka da shi.

Ranar Lahadi Kaka ta zare rigunana daga jakar nan ta mayar cikin durowa.

"Je ka juya karan."

"Aikin wanda ya so a ɗaure ni?"

"Karan nawa ne. Kuma bana ba mai tufka igiya." Ta miƙo min hularta. "Gindi da gindi. In ka karya ɗaya, kada ka dawo cin abinci."

Na haura bayan maƙabarta. Ina juyawa ɗaya bayan ɗaya, ina ɗaga kai ina duban dutsen yamma.